Akushin Ɗanyar Danya

Tun ranar da akushin Malam Hussaini ya rabe biyu, Inna Tasalla ba ta sake kai lomar tuwo bakinta ba. Shi Malam ɗin masassaƙi ne a Roni, mijinta ne, ya rasu da faɗuwar ruwan farko. Ana cikin zaman makokinsa aka wanke akushin da ya tsufa yana cin tuwo a ciki, aka kife shi a kan katanga ya sha iska. Sai wata ja'irar akuyar maƙwabta, wadda ba ta san an yi mutuwa ba, ko kuma ta sani ba ta damu ba, ta ɗare katangar ta ture shi. Ya faɗo kan dutsen niƙa, ji kake ƙwas! Mata suka yi salati, aka bi akuya da muciya, aka tsince ɓari biyun aka jingine a bayan rumbu. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare a nan.

Ina! Da magariba Ikilima, autar gidan, ta kawo wa uwar tuwo a kwanon samira. Inna ta ɗaga faifai ta leƙa, ta mayar ta rufe.

"Ina akushin Malam?"

"Inna, ai ya fashe. A gabanki aka yi."

Ta ce to, ta juya fuskarta ga bango. Washegari ma haka, jibi ma haka. In an matsa mata sai ta kurɓi kunu, kurɓa biyu ko uku, ta ajiye ludayi. 'Yan gaisuwa suka watse, gero ya fara kai gwiwa a gona, ita kuwa zanen da take ɗaurawa ya soma yi mata yawa. An kai ta asibiti, an duba an ce babu ciwon da aka gani, ta dai ci abinci. To wa zai sa ta ci? Ikilima ta yi kuka ta gaji, ta ɗauki waya ta kira yayanta.

Ɗan'azumi shi ne ɗan farin gidan, yana zaune a Kazaure da iyalinsa. Sassaƙar ya gada, amma ba da gizago yake yi ba irin na ubansa. Inji gare shi na gurza itace, a wata rumfar kwano kan hanyar da ta gangara wajen dam. Za ka ɗaure gungume a jikin injin, wuta ta juya shi da gudu, kai kuma ka kafa masa bakin ƙarfe mai kaifi yana kankarewa har ya ɗauki siffar da kake so. Ƙafafun gado yake yi, da na tebur, da taɓarya, wani lokaci da muciya don 'yan gayun da ke son tasu ta yi sumul. Akushi kam bai taɓa yi ba, don wa ke neman akushi a birni yanzu?

Da ya ji abin da ake ciki sai ya yi irin ta maza, wato ya ɗauka abin da ya fashe a saye yake. Ranar kasuwar Babura ya hau babur ya je ya zaɓo wani baƙin akushi mai sheƙi a hannun mutanen ƙetare, ya kawo Roni yana taƙama. Aka zuba tuwo aka kai mata. Shi yana tsugune a bakin ƙofar ɗaki, daga waje, inda ya saba tsayawa tun yana yaro. Kun san halin iyayenmu mata da ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in tana da magana sai ta faɗa wa Ikilima ko ta faɗa wa bango, shi kuma ya tsinta. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin "Ɗan'azumi" a bakinta ba, sai dai "wancan" ko "yayanki".

Inna ta shafa bakin akushin, ta sunsuna, ta mayar da faifai.

"Ki ce wa wancan ya sha hanya, Allah ya yi albarka. Ina akushin Malam?"

Ransa ya ɓaci, wallahi ya ɓaci ƙwarai, amma wa zai yi wa faɗa? Ya tashi ya fita, ƙafa ta ɗauke shi har gonar mahaifinsa a gindin dutse, bai ma san can ya nufa ba. Yamma ce mai laushi, ƙasa ta sha ruwa tana ƙamshi, gajimare ya sauko ya kwanta a kafaɗar duwatsu ya ƙi tafiya. A tsakiyar gonar ya tarar da tsohuwar bishiyar danya kwance, iskar da aka yi kwanan baya ta tumɓuke ta, saiwoyinta a sama, ganyenta bai gama yaushi ba. Ya daɗe a tsaye yana kallonta. A inuwarta Malam yake aiki da rani, kuma ya sha jin yana cewa daga wani reshenta ya sassaƙo akushinsa shekarar da aka kawo Inna gidan.

Nan take tunani ya zo masa. In dai itacen gidan take nema, da ƙamshin gonar nan, ga shi Allah ya kwantar masa da shi a gabansa.

Washegari ya samo masu zarto. Suka yanka nan, suka yanka can, ashe gara ta daɗe da shiga cikin bishiyar ta mai da shi gari. Gunduwa ɗaya tak suka samu mai lafiya, can kusa da inda rassa suka rabu. Ya ɗaure ta a bayan babur da igiyar roba, ya lallaɓa da ita har Kazaure, nauyinta yana rinjayarsa a kowace kwana.

Sabiru mai walda, maƙwabcinsa a rumfa, mutum ne da ba ya ganin abu ya wuce bai sa baki ba. Ya ɗaga tabaransa ya zo ya danna farce a jikin itacen, ruwa ya tsattsafo.

"Kai malam, wannan danyar ai ɗanya ce shataf. Miya za ka yi da ita?"

"Akushi zan yi."

"Da wannan? Kafin ka kai shi Roni ya tsage gida huɗu. Ni mai ƙarfe ma na san wannan."

Gaskiya ya faɗa, ita ce ma ta sa maganar ta yi zafi. Ɗanyen itace yadda ake yi da shi a sana'a, a fafe shi sama-sama a bar masa kauri, a binne shi cikin sassaƙensa a inuwa, a manta da shi har kaka ta wuce, ya bushe a hankali, sannan a dawo a ƙarasa. To Inna za ta kai kaka a kan kurɓa biyu na kunu? Saura hanya ɗaya, ita ma ji ya yi a bakin wani tsohon kafinta, bai taɓa gwadawa ba: a fafe shi gaba ɗaya a zama guda, a rage masa kauri sosai kuma daidai ko'ina, yadda in ya tashi bushewa zai lanƙwasa maimakon ya tsage. Amma in hannu ya zarce kaɗan, ƙarfe ya huda gindi, shi ke nan, babu wata gunduwar a duniya. Tsoro ya kama shi, ya kwana da shi ya tashi da shi.

Da hantsi aka kawo wuta. Ya fara rage kusurwoyin gunduwar da gatari, ya ɗaure ta a inji da kusoshi, ya yi bisimilla, ya kunna. Rumfar ta ɗauki rawa, kwanon rufi yana kaɗawa, Sabiru ya leƙo ya ce a dai yi a hankali kada a rushe musu wurin cin abinci. Ɗan'azumi bai ji shi ba. Ya kafa ƙarfe, itacen yana dukan hannunsa kaf-kaf-kaf, yana dukansa, har dukan ya fara raguwa, ya zama gurnani, gurnanin ya zama wani dogon sauti mai daɗi da ba ya yankewa. Sassaƙe ya fara fita dogo-dogo, jiƙaƙƙe, yana nannaɗe masa a wuyan hannu. Ruwan itacen kuwa ya riƙa feshi, ya ja layi a rigarsa daga kafaɗa zuwa ciki, ya ja wani a bangon rumfa har sama.

Sai ƙamshin ya taso. Allah sarki, ƙamshin nunu ne sak, 'ya'yan danya in sun nuna sun zubo. Bai san lokacin da rumfar ta yi nisa da shi ba. Hannunsa yana aiki, shi kuwa yana can gindin bishiya da tsakar rana, bakinsa ya yi tsami da nunu, Malam yana zaune ya harɗe wani turmi tsakanin ƙafafunsa yana sara da gizago, ba ya sauri, ba ya tsayawa. Daga nesa ga Inna nan tafe ta kan kunyoyin gona, da ƙwarya a ka, tana da ƙiba a lokacin, tafiyarta a natse. Ta sauke furar a gaban Malam, ta durƙusa, ba ta dubi inda yaron yake ba, amma da za ta tashi sai ga ƙullin gyaɗa ya faɗo daga bakin zanenta daidai ƙafarsa, ta wuce abinta kamar ba ta sani ba.

Siffar bayan akushin ta fito, a zagaye, da ɗan gindin zama. Ya kashe inji, ya juya shi, ya sake ɗaurewa don ya shiga ciki. Fafe ciki shi ne aikin. Ƙarfe yana nutsewa, zobban shekarun bishiyar suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya suna gudu zuwa baki, wani mai faɗi na shekarar ruwa, wasu a matse na shekarun da aka sha wuya. Kallonsu yana sa jiri mai daɗi, irin na wanda ya leƙa rijiya ya daɗe. Ya ga kamar in ya ci gaba da fafewa zai tarar da ranar auren iyayensa a can ƙasa, da masu guɗa, da amarya a lulluɓe.

Yana tsakiyar haka aka ɗauke wuta.

Akushin ya yi juyi biyu uku ya tsaya, rabinsa a fafe, baki ya yi siriri, gindi da kauri. Wannan kuwa shi ne abin da ɗanyen itace ba ya yafewa, don siririn gefen zai riga mai kaurin bushewa su ja juna su tsage. Ɗan'azumi ya faɗi wata kalma da ba zan maimaita ba. Ya ruga ya jiƙa buhu ya lulluɓe shi, ya cusa jiƙaƙƙen sassaƙe a cikin ramin, ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar inji yana gadi. Sabiru ya zo zai yi tsiya, ya ga fuskarsa, ya haɗiye abarsa ya koma.

Aka yi azahar, ya yi salla a nan gefen inji. Yayyafi ya sauko yana taɓa kwano a hankali. Daga inda yake yana hango ruwan dam ya yi fari, sama da ruwa sun haɗe ba ka gane iyakarsu, wani mai kwalekwale yana tsaye a tsakiya kamar an rataye shi. Gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ya ga akushin ya girma ya cika rumfar, ya zama kwalekwale shi ma, Inna tana zaune a ciki da farin mayafin takaba, ruwa yana janta a hankali zuwa inda babu gaɓa. Yana ta kira, ba ta waiwayo ba, kuma ko a mafarkin ya san ba za ta amsa masa ba a gaban mutane. Ya farka a firgice.

Ƙarar janareta ce ta tashe shi. Sabiru ne ya jawo nasa na walda har bakin rumfa, yana haɗa waya yana mita.

"Tashi malam, ka ƙarasa wannan miyar taka. Kuma kada ka gode mini, ba na so."

Ya yaye buhu, ya shafa ko'ina da yatsa, babu tsaga. Ya kunna. Yanzu ba mafarki, sai numfashi a hankali. Ya kankara kaɗan ya tsaya, ya kama bangon akushin tsakanin babban yatsa da manuni ya bi shi daga baki zuwa gindi, ya ji inda ya fi kauri, ya koma. Sautin ƙarfen ya riƙa canzawa, yana ƙara sirancewa, har ya kai inda duk wanda ya san itace zai ce maka tsaya. A gindi ya fi jin tsoro. Ya ɗauke ƙarfe, ya mayar, ya sake ɗaukewa. Daga ƙarshe ya yi shafa ɗaya mai sauƙi, ɗan tsinin da ya rage a tsakiya ya fice ya faɗi. Ya kashe inji, ya ƙwanƙwasa da farce, akushin ya amsa da murya ɗaya ko'ina. Ya zauna a kan sassaƙe yana hamdala.

Ya kwantar da shi cikin sassaƙen a lungun da iska ba ta kaiwa. Kullum da safe sai ya tone ya duba, kullum kuma Ikilima sai ta kira ta ce jiya kurɓa ɗaya aka yi. Akushin bai tsage ba. Amma ya motsa, kamar yadda tsohon kafintan ya ce. Bakin da ya fito daga inji a zagaye cif ya ja ta gefe biyu ya zama kamar ƙwai, gefe guda ya ɗan ɗaga sama. Mutumin da duk aikinsa ƙafa huɗu su fito iri ɗaya, abin ya tsaya masa a rai. Sai dai babu lokacin jin kunya. Ya goge shi da samfefa har ya yi laushi, ya daidaita gindin ya zauna, ya hura wutar kara a bayan rumfa ya riƙa juya shi a kan harshenta har ya yi baƙi wuluk ciki da waje. Ya murje toka da tsumma, ya shafa man kaɗe tun yana da ɗumi, itacen ya shanye, ya ƙara, ya shanye, sai a shafa ta uku ya ƙoshi ya fara sheƙi. Ya naɗe shi a sabon ƙyalle ya saka cikin riga, a jikin cikinsa, ya hau babur.

Ya isa Roni rana tana faɗawa bayan dutse, shanun Fulani suna gangarowa, hayaƙin girki ya kwanta a kan gari bai tashi ba. Ikilima ta karɓa ta wanke, ta kwashe tuwon dawa mai zafi a ciki, ta zuba miyar kuka da ɗan man shanu, ta rufe da faifai. Bayan an idar da magariba ta shiga da shi. Ɗan'azumi ya tsuguna a wurinsa na bakin ƙofa, yana hango uwar ta gefen labule. Ya tsorata da yadda ta koma, wuyan hannunta bai fi muciya ba.

"Inna, ga akushi. Daga danyar gonar Baba aka yi shi. Yaya ne ya yi da hannunsa."

Inna ta jawo shi gabanta. Ta bi bakinsa da tafin hannu, ta zagaya, ta sake zagayawa, ta tsaya a inda ya ɗaga. Ta sunkuya ta sunsuna, ta daɗe a haka, ya ga kafaɗunta suna rawa. Ba ta tambayi akushin Malam ba. Zuciyarsa ta yi tsalle, ya ce a ransa an gama.

Sai ta ɗaga faifai, ta dubi tuwon, sumul ba a taɓa ba, ta mayar ta rufe.

Ikilima ta fashe da kuka. Shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ya dafa ƙasa zai miƙe, don ba ya so a ga hawayensa, kuma bai san abin da ya rage ya yi ba a duniya.

Inna ta sa hannu biyu ta tura akushin a kan tabarma. Ba wajen Ikilima ta tura shi ba, wajen ƙofa ta tura shi, a hankali, har ya taɓa dokin ƙofa. Ta juya fuskarta ga bango, ta yi magana da shi kamar yadda ta saba.

"Ni tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa fasa tuwo ba. Sai an ci an rage mini nake ci. Yara sai kawo mini suke yi ba a taɓa ba, kamar wata baƙuwa." Ta numfasa. "A gaya wa maigidan nan tuwonsa yana hucewa."

Ɗan'azumi ya waiwaya bayansa, wallahi sai da ya waiwaya, ya ga tsakar gida babu kowa sai kaji suna hawa rumbu. Ikilima ta daina kuka, ta buɗe baki tana kallonsa. Sannan ta tashi da sauri ta kawo masa buta.

Ya wanke hannu. Ya zauna sosai, ya tanƙwashe ƙafa, ya buɗe faifai ya yi bisimilla, ya gutsuro daga gefensa. Tuwon yana da ɗanɗanon hayaƙi da man kaɗe. Ya ci loma ta biyu, ya ci ta uku, hawaye yana sauka cikin gemunsa bai share ba. Da ya kai rabi ya tsame hannu, ya gyara gefen da ya ci, ya karkato miyar da man shanun zuwa ɗaya gefen, ya rufe, ya tura akushin cikin ɗaki.

Ya kau da kai, ya zuba wa rumbu ido, don ya san ba za ta ci yana kallo ba. Can sai ya ji motsin faifai, ya ji ta yi bisimilla ƙasa-ƙasa, ya ji yatsu suna taɓa itace.

Bai motsa ba har aka kira isha. Yana ɗaure ƙyallen a bayan babur ya ji muryarta daga ɗaki, ta ɗan yi ƙarfi fiye da ɗazu.

"Ikilima, ki ce masa gobe miyar kuɓewa za a yi. Kada ya kai magariba a hanya."